Karen Fitbul: Asalinsa, Halinsa Da Nauyin Da Ke Wuyan Mai Shi

A 'yan shekarun nan karnukan ƙetare sun yawaita a bayan ƙofofin gidajen masu hali a Kano da Kaduna da Abuja. Taɓarɓarewar tsaro ta sa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da a da ba zai yarda kare ya tsallaka masa zaure ba, yanzu yana tambayar wane iri ne ya fi razana ɓarawo. Cikin sunayen da suka fi fitowa a irin wannan hira akwai fitbul, wanda ake rubutawa Pit Bull da Turanci. Ba duk masu sayensa ne ke ajiye shi a birni ba. Wani yakan kai shi gidan gona, ko wurin kiwon kaji, ko sabon ginin da ya yi a mahaifarsa, a garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, ya damƙa wa maigadi, ya koma bakin aikinsa.

Ra'ayi a kan wannan kare ya rabu biyu a duniya. Wasu na kallonsa a matsayin makashin da bai kamata a bar shi cikin mutane ba, wasu kuma na cewa sharri aka yi masa. Binciken masana ya nuna cewa gadon halitta yana da tasiri, amma abin da ya fi yanke hukunci a kan ko kare zai yi ɓarna shi ne irin riƙon da mai shi ya yi masa.

Wane kare ake kira fitbul?

Fitbul ba jinsi ɗaya ba ne. Suna ne da ake kiran dangin karnuka masu kama da juna, kuma huɗu ne suka fi shahara: fitbul teriya na Amurka, Stafodshaya teriya na Amurka, Stafodshaya bul teriya na Ingila, da kuma buli na Amurka, wanda aka samar daga baya. Dukansu suna da gajeren gashi, faffaɗan kai, kakkauran muƙamuƙi da murɗaɗɗen jiki. Fitbul teriya na asali ba ƙato ba ne. Namijinsa yakan kai nauyin kilo 16 zuwa 27, macen kuma kilo 14 zuwa 23, wato bai kai Rotwaila ko Bowabul na Afirka ta Kudu girma ba.

Gane shi da ido kawai yana da wuya, har ga waɗanda suka ƙware. A wani bincike da aka wallafa a 2015, an gwada karnuka 120 a gidajen ajiye karnuka na Jihar Fulorida ta Amurka. Ma'aikatan gidajen sun ce kusan rabinsu dangin fitbul ne, amma gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai. Wannan ya shafi mai saye a Najeriya kai-tsaye, domin kwikwiyon da dillali ya kira fitbul a gefen titi ko a shafin Facebook yana iya zama ruwa biyu, wanda babu wanda ya san halin uwarsa ko na ubansa.

Asalinsa

Tushen wannan kare yana Birtaniya, a ƙarni na 19. A can akwai wani tsohon wasa na rashin imani, inda ake ɗaure bijimi a sako masa karnuka masu suna buldok, su kama shi a hanci su riƙe, 'yan kallo na caca. Majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wasan a 1835. Masu shi sai suka koma abin da ya fi sauƙin ɓoyewa, wato haɗa karnuka faɗa da juna, ko sa su kashe ɓeraye a cikin wani keɓaɓɓen fili mai kama da rami. Daga sunan wannan rami a Turanci aka samu rabin sunan karen. Don wannan aiki aka riƙa haɗa buldok mai ƙarfi da naci da teriya mai zafin nama da saurin kai hari.

Baƙin da suka yi ƙaura daga Ingila da Ailan suka tafi da karen Amurka, inda ya samu wasu ayyukan: kamo shanu da aladun da suka ƙi kamuwa, tsaron gona da zama da iyali. Ƙungiyar rajistar karnuka ta United Kennel Club ta fara yi masa rajista a 1898, takwararta ta American Kennel Club kuma ta karɓi wani reshensa a 1936 da sunan Stafodshaya teriya.

Wannan tarihi ya bar masa gado iri biyu. Na farko shi ne saurin faɗa da sauran karnuka da bin ƙananan dabbobi, tare da nacin da ke sa shi ƙin saki idan ya kama. Na biyu shi ne sakin jiki da mutane, domin masu haɗa faɗan suna shiga filin su raba karnuka da hannunsu, don haka sun fi son wanda ba zai juyo kansu ba.

Yadda ya yi ƙaurin suna

Kowane zamani da karen da ake tsoro. Kafin fitbul, Alsashan, wanda aka fi sani a nan da karen 'yan sanda, da Dobaman sun taɓa riƙe wannan kambu a Amurka. Daga shekarun 1980 ne fitbul ya karɓe shi, lokacin da faɗan karnuka ya sake bunƙasa a ɓoye, 'yan daba da dillalan ƙwaya kuma suka mayar da shi alamar isa. A watan Yuli na 1987 mujallar Sports Illustrated ta buga hotonsa a bangonta yana yage baki. Tsoron da ya biyo baya ya ƙara masa farin jini a wurin waɗanda dama mugun kare suke nema, su kuma suka ƙara lalata masa suna.

A 2007 aka gano gidan faɗan karnuka na fitaccen ɗan wasan ƙwallon Amurka, Michael Vick, a Jihar Bajiniya, aka ɗaure shi. An ƙwato karnuka kusan 50 da aka azabtar. Da masana suka duba su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu an bar su da rai, wasu ma sun ƙare rayuwarsu cikin iyalai lafiya.

Duk da haka, ɓarnar da wasu karnukan wannan dangi suka yi ba ƙage ba ce. A Afirka ta Kudu, mutuwar yara a bakin fitbul a garuruwan Gqeberha da Bloemfontein a 2022 ta sa mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar neman a hana ajiye shi a gida.

Akwai tatsuniyoyi biyu da ya kamata a watsar. Ɗaya ita ce wai muƙamuƙinsa yana kullewa idan ya ciji abu. Babu wani makulli a ƙashin bakinsa da ya bambanta da na sauran karnuka. Naci ne da ƙarfin tsoka. Ɗayar kuma masoyansa ke yaɗa ta, wai a da shi ake bar wa rainon yara a Ingila. Babu hujjar tarihi a kan haka, kuma babu karen da ya cancanci a bar masa yaro.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2000 masana daga Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka bi diddigin mutum 238 da karnuka suka kashe tsakanin 1979 da 1998. Fitbul da Rotwaila ne ke da hannu a fiye da rabin waɗannan mace-mace. Amma masu binciken da kansu sun ja kunne cewa ba za a auna hatsarin jinsi da waɗannan alƙaluma ba, tunda ba a san yawan kowane jinsi a ƙasar ba, kuma sau da yawa da ido aka yanke irin karen.

Wani binciken na 2008 daga Jami'ar Pensilbeniya ya tambayi dubban masu karnuka. Ya gano cewa fitbul na sahun gaba wajen kai wa baƙin karnuka hari, amma wajen cizon mutane wasu ƙananan karnukan ɗaki, irin su Chihuahua, sun fi shi. Bambancin shi ne, cizon ƙaramin kare a kan wanke shi a ɗaure, na fitbul kuwa yana iya kai mutum ɗakin tiyata ko kabari.

A 2022 mujallar Science ta wallafa aikin da ya duba karnuka fiye da 18,000, aka kuma karanta ƙwayoyin halittar fiye da 2,000 daga cikinsu. Sakamakon ya nuna cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin ɗabi'a tsakanin kare da kare.

Binciken da ya fi amfani ga mai niyyar ajiye kare shi ne wanda mujallar Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta buga a 2013, a kan mutum 256 da karnuka suka kashe daga 2000 zuwa 2009. A kashi 87 cikin 100 na lamuran, babu wani baligi mai ƙarfi a kusa da zai kawo ɗauki. A kashi 85, wanda aka kashe ba sanannen karen ba ne. A kashi 84, ba a dandaƙe karen ba. A kashi 77, wanda abin ya shafa yaro ne ƙarami, ko tsoho, ko mai rauni. A kashi 76, karen ba ya cikin harkar mutanen gidan. An ware shi a ɗaure ko a killace, ba ya samun mu'amala mai kyau da kowa.

Wanda ya sayi kare ya kai shi gidan gona, aka ɗaure shi da sarƙa dare da rana, babu mai kula da shi sai maigadin da shi ma tsoronsa yake ji, ga yaran maƙwabta na leƙowa, ya tara kusan dukan waɗannan sharuɗɗa a wuri guda.

Matakan da ƙasashe suka ɗauka

Birtaniya ta haramta kiwo da sayar da fitbul a dokarta ta karnuka masu hatsari ta 1991, tare da wasu jinsuna uku. Daga 1 ga Fabrairu 2024 ta ƙara da babban buli na Amurka a Ingila da Wales, inda mallakarsa ba tare da takardar izini ba ya zama laifi. Lardin Ontariyo na Kanada ya yi tasa dokar a 2005. Wasu kuma sun gwada sun janye. Holan ta hana shi a 1993, ta ɗage hanin a 2008 bayan ta ga cizon kare bai ragu ba. Italiya ta soke jerin jinsunan da ta kira masu hatsari a 2009, ta mayar da alhakin kan masu karnuka. Birnin Denba na Amurka ya sassauta haninsa na 1989 ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 2020, bisa sharaɗin rajista.

Kare a ƙasar Rano da Kibiya

Kare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Rano na cikin Hausa Bakwai, ƙasa ce ta duwatsu da gonaki, kuma tun 2024 masarautarta ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Farauta tsohuwar sana'a ce a nan, har yau kuma ba ta mutu ba. Mafarauta 16 da aka yi wa kisan gilla a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, a kan hanyarsu ta dawowa gida yin Sallah, akasarinsu 'yan Bunkure ne da maƙwabtan garuruwa. Da zarar an kawar da amfanin gona rani ya shiga, mafarauta kan fita rukuni-rukuni da karnukansu neman zomo da gafiya da gada. Makiyaya ma suna da nasu karnukan da ke bin garke suna tsaron ruga.

Karen mafarauci da na makiyayi suna da abin da karen sarƙa ba shi da shi. Suna da aikin yi, suna da ubangidan da suka san muryarsa, sun tashi cikin awaki da kaji da yara, kuma sukan yi tafiyar da ke ƙone musu ƙarfi. Maharbi ya san wane ne cikin karnukansa mai faɗa, wane ne matsoraci, ba ya kuma sakin wanda bai amsa kira ba. Wannan ilimi ne da mai sayen karen ƙetare ya kamata ya nema, ko da yake su ma waɗannan karnuka suna da babban giɓi ta fuskar rigakafi, kamar yadda bayani zai zo.

Tsarin zaman Bahaushe kuma ya bambanta da na ƙasashen da aka samar da fitbul. A garuruwa irin su Rurum da Saji da Tarai da Durba, ƙofar gida a buɗe take wuni. Almajiri zai shigo bara, yarinya za ta shigo da talla, ɗan garuwa zai kawo ruwa, masu allurar rigakafin shan inna suna bi gida-gida, yaran maƙwabta kuma ba sa neman izini. Da rani awaki da tumaki sake suke yawo. Karen da aka gada masa bin ƙananan dabbobi, idan ya tsinke sau ɗaya, abu mafi sauƙi da zai jawo shi ne shari'ar akuya a gaban mai unguwa ko dagaci. Mafi muni kuwa an gan shi a Igando ta Legas a 2014, inda karnukan da ake ajiye da su a wani gidan haya suka yi wa yaro ɗan shekara 4 raunin da sai da aka kai shi Indiya neman magani.

Yanayi ma abin dubawa ne. Zafin bazara a Kano yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma wanda aka bari a kejin kwano ba inuwa ba ruwa yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan.

Shin ya dace da gadi?

Bayanin da United Kennel Club ta fitar a kan siffofin fitbul ya nuna cewa ba shi ne zaɓin da ya fi dacewa da gadi ba, saboda yawan sakin jikinsa da mutane har da baƙi, kuma ta ɗauki kai wa mutum hari a matsayin aibi a jinsin. Wannan ne ke sa wasu masu shi ƙoƙarin mayar da shi mugu da gangan, ta hanyar duka, da horon yunwa, da kulle shi cikin duhu. Abin da ke fitowa daga irin wannan horo kare ne mai tsoro da ƙarfi, wanda ba ya bambance ɓarawo da jikan maigida.

Babban amfanin kare a gadi shi ne ji da sansano baƙo da yin haushi ya tashi mutanen gida. Karen gida na gargajiya yana yin wannan aiki sarai, ya fi jure zafi da cututtukan yankin, ciyar da shi kuma ya fi sauƙi.

Matsayin addini da doka

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a Kano, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. An halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wannan iyaka. Malamai da dama na baya sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata ta gaskiya. Ajiye shi don ado ko alfahari ba ya cikin waɗannan dalilai. Littattafan fiƙihu sun kuma yi magana a kan kare mai cizo: wanda aka gargaɗe shi a kan karensa ya ƙi ɗaukar mataki, alhakin ɓarnar da karen ya yi yana kansa. Haka nan hadisi ya zo da labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa, abin da ke nuna cewa azabtar da shi da yunwa ko ƙishi zunubi ne.

Ta fuskar dokar ƙasa, dokokin Najeriya a kan kare, tun daga na zamanin mulkin mallaka, sun fi mayar da hankali ga lasisi da daƙile ciwon hauka. Zaluntar dabba laifi ne a dokokin hukunta laifuka na Arewa da na Kudu, kuma wanda kare ya raunata yana da damar neman diyya a kotu daga mai karen. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan majalisun Rano da Kibiya suna da hurumin yin dokar rajistar karnuka, da tilasta rigakafi, da wajabta takunkumi, ba sai sun jira Abuja ba.

Haukan kare: hatsarin da ya fi kusa

Ga mazaunin Kibiya ko Rano, karen da ya fi barazana ga ransa shi ne wanda ba a yi wa allura ba, kowane iri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ake ɗaukarsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana bin jijiyoyi har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita da dalalar da yawu, da wuya ƙwarai a rayu.

Cutar tana da rigakafi tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada allurarsa a kan wani yaro. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwarta takan tsaya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. A Kano ana iya tuntuɓar asibitocin dabbobi na gwamnati, irin na Gwale da na Kundila, ko sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Karnukan farauta sun fi kowa buƙatar allurar, saboda suna cuɗanya da namun daji da karnukan wasu garuruwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Sharuɗɗan riƙon kare

Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kare yakan rayu shekara goma ko fiye, don haka kafin a biya kuɗinsa ya kamata a amsa tambaya ɗaya: wa zai zauna da shi kullum? Idan mai shi yana Kantin Kwari ko Sakatariyar Audu Baƙo daga Litinin zuwa Juma'a, karen na wanda ke ciyar da shi ne, kuma shi ya kamata ya iya sarrafa shi.

A ga uwar kwikwiyo kafin a saya, a lura ko tana yarda baƙo ya matso. Kada a raba shi da ita kafin ya cika mako takwas. Watanni ukun farko su ne lokacin da halinsa ke ginuwa. A cikinsu ake saba masa da yara, da masu manyan riguna, da awaki, da ƙarar babur, cikin natsuwa ba tare da tsoratarwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A yi masa allurar hauka yana da wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a adana katin. Likitan dabbobi zai ƙara da sauran alluran ƙuruciya, da maganin tsutsar ciki da na kaska. Idan ba kiwo za a yi ba, a nemi shawararsa a kan dandaƙa, domin tana rage yawon bin karya.

A yi masa fili mai katanga doguwa da ƙofa mai sakata, da inuwa da ruwa a kowane lokaci, nesa da hanyar da baƙi ke bi. Ɗaurin sarƙa na dindindin yana ƙara wa kare zafin rai. A fita da shi tafiya kullum da igiya mai ƙwari a hannun baligi, da takunkumi idan za a ratsa cikin jama'a. A koya masa zuwa idan an kira, da zama, da sakin abin da ya kama, ta hanyar lada da abinci maimakon bulala. A sanar da maƙwabta da mai unguwa cewa akwai kare a gidan.

Kada a bar yaro da kare su kaɗai, ko da a tsakar gida ya tashi. A hana yara taɓa shi yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Kare yakan yi gargaɗi kafin cizo: jikinsa ya sandare, ya kafe mutum da ido, ya ɗage leɓe, ya yi gurnani. Kaɗa wutsiya ba kullum ke nufin murna ba. Wanda ke dukan kare saboda gurnani yana koya masa ne ya daina gargaɗi. Karen da ya taɓa kai wa mutum hari ba tare da dalili ba, a kai shi ga likitan dabbobi a yanke shawara a kansa, kada a sayar wa wani a ɓoye aibinsa.

Idan kare ya tunkaro ko ya yi cizo

Wanda baƙon kare ya tunkara kada ya ruga, domin gudu na tayar masa da sha'awar bi. Ya tsaya cik, ya haɗe hannuwansa a jiki, ya kawar da ido, ya ja da baya a hankali idan karen ya lafa. Idan an kayar da shi, ya dunƙule ya kare wuyansa da fuskarsa da hannuwa.

Idan cizo ya auku, ko yaƙushi, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu na tsawon minti 15. Kada a shafa toka ko barkono ko ganye, kada kuma a ɗaure shi tamau. A garzaya asibiti a ranar, ko Babban Asibitin Rano ko wanda ya fi kusa, a faɗa wa ma'aikatan lafiya cewa kare ne. Allurar bayan cizo jeri ce: ranar farko, ta 3, ta 7, sannan sauran kamar yadda likita ya tsara, kuma dole a kammala ta. Idan raunin ya yi zurfi ko yana kusa da kai, akan ƙara da wata allurar da ake yi a bakin ciwon, tare da ta tetanus. Idan babu allurar a wurin, a nemi a tura mutum manyan asibitocin Kano ba tare da jinkiri ba.

Karen da ya yi cizon, idan ana iya killace shi lafiya, a tsare shi kwana goma ƙarƙashin kulawar ma'aikacin dabbobi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa gawarsa da hannu tsirara, a sanar da ma'aikatan dabbobi domin a yi gwaji, a kuma binciki ko ya ciji wasu mutane ko dabbobi a unguwar.